Wace Kwalba Ce Za Ta Wuce Bincike a Filin Jirgin Abuja, Kuma Ba Ta Yi Yoyo a Sama Ba?

Abu biyu ne ke raba matafiyi da man shafawarsa ko turarensa. Na farko jami'in tsaro a bakin na'urar bincike, na biyu iskar da ke cikin kwalbar da kanta idan jirgi ya lula sama. Na farkon kowa ya san da shi, ko da a bakin wani ya ji. Na biyun kuwa sai an buɗe jaka a Jidda ko Istanbul an tarar man gashi ya wanke fasfo da caja, sannan a fara zagin wanda ya sayar da robar. Sau da yawa kuma robar ba ta da laifi. Murfin ne bai dace ba, ko an zuba mata abin da jikinta ba ya ɗauka, ko an bar iska da yawa a ciki.

Dokar gajera ce. Duk wani abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu, mazubinsa kada ya wuce mililita 100. Dukkan mazuban su shiga leda ɗaya mai zif wadda ake ganin cikinta, mai cin lita 1, wato kamar santimita 20 tsawo da 20 faɗi, kuma ledar ta rufu ba tare da an yi kokawa da ita ba. Mutum ɗaya, leda ɗaya. An kafa wannan tsari ne bayan watan Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin shiga jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadaran fashewa a cikin gorunan lemo. A Amurka za ka ga an rubuta oza 3.4, duk abu ɗaya ne. Wasu filayen jirgi a Turai sun sa sababbin na'urori sun sassauta dokar, amma wanda zai tashi daga filin Nnamdi Azikiwe na Abuja ya sauya jirgi a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha, zai iya sake bi ta wani binciken a can. Saboda haka da doka mafi tsanani ake shiri. Haka muke ba da shawara ko da tafiyar cikin gida ce, daga filin jirgin Jos da ke Heipang zuwa Legas.

Inda aka fi yin asara shi ne nan: girman mazubi ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 200 da saura ɗan kaɗan a gindinta ba ta wuce ba. Roƙo ba ya canza lambar da ke jikin kwalba. Sannan abin da doka ke kira ruwa ya fi abin da muke kira ruwa a gida faɗi. Duk abin da za a iya zubawa, ko shafawa, ko matsowa, ko fesawa ya shiga: man goge baki, basilin, man kaɗanya, zuma, kwaɓaɓɓen lalle, sabulun salo mai laushi, turaren feshi. Garin lalle, kwalli, yaji da sabulun dunƙule ba sa ciki.

Me ya sa kwalba ke yoyo a jirgi

Jirgi na tafiya a tsayin mita 10,000 ko fiye, amma ana matsa iskar cikinsa ta yi daidai da ta tsauni mai mita 1,800 zuwa 2,400. Filin jirgin Abuja bai kai mita 350 daga matakin teku ba. Idan ka rufe kwalba a Abuja, ka rufe ta da iska mai nauyin Abuja. Da jirgi ya hau, iskar waje ta yi sauƙi, ta cikin kwalba sai ta nemi buɗewa da kusan kashi 30 cikin 100. Ruwan da kansa ba ya kumbura saboda wannan, iskar ce kaɗai. Mililita 10 na iska zai so ya zama kusan 13. Idan kwalbar tana tsaye, iskar na sama kusa da murfi, ta sulale ta fita ba wanda ya sani. Idan tana kwance ko a kife, man ne ke bakin murfi, shi iskar za ta tura waje.

Mutanen Jos sun san wannan ba tare da sun shiga jirgi ba. Gorar da aka sha rabi aka rufe a Akwanga, kafin a gama Hawan Kibo ta yi tauri, in an buɗe sai ta yi huci. Jos tana sama da mita 1,200, shi ya sa kwalbar da aka rufe a can take shan wahala kaɗan a sama, kamar rabin ta Abuja. Wadda aka rufe a Legas ko Jidda, bakin teku, ita ta fi kowace shan matsi.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa yoyo ya fi yawa a hanyar dawowa. An tafi da kwalba cike, iskar ciki ba ta da yawa. An yi mako biyu an yi amfani da rabi, yanzu mililita 50 iska ce, kuma tana neman ƙarin wurin da ya kai cokali babba guda. Murfin da ya riƙe a tafiya sai ya saki a dawowa.

Robar silikon mai laushi

Ita ce ake yayi yanzu, mai taushi kamar kan bulumbotin jariri, da faɗin baki da murfi mai ɗagawa. Tana da abin yabo na gaske. Bakinta na da faɗi, ana cika ta ba mazurari, ana wanke ta har ƙasa. Ana matso abu mai kauri har ɗigon ƙarshe. Ba ta fashewa in ta faɗi a banɗaki. Mafi muhimmanci, ana iya matse iskar ciki a fitar kafin a rufe, kuma jikinta na miƙewa ya ba iskar da ta rage wuri. Masu kyau a cikinsu suna da 'yar fata mai tsagar gicciye a bakin fita, wadda ba ta buɗewa sai an matsa. Ga shamfu, sabulun wanka na ruwa, man shafawa mai kauri da man laushin gashi, ba mu ga wadda ta fi ta ba.

Amma silikon yana da abokan gaba, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Jikinsa yana numfashi: abu mai barasa a ciki, kamar turare da man tsabtace hannu, yana bin jikin robar ya gudu a hankali. Mai tsantsa, irin man zaitun, man kwakwa da man habbatus sauda, yana iya jiƙa jikinta har ka ji wajen yana santsi alhali murfi a rufe yake. Man gashi mai sheƙi da wasu kayan kwalliyar fuska da aka haɗa da sinadarin silikon suna kumbura ta, bakin ya saki, murfi ya daina zama. Duba jerin sinadaran da ke bayan kwalbar asali. Idan ka ga suna mai ƙarewa da "cone" ko "siloxane" a farko-farkon jerin, nemi wani mazubin. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET shi ma a bar shi a robarsa, domin yana cin robobi da dama.

Wani aibin kuma ya shafi maniyyata kai tsaye. Silikon yana riƙe ƙamshi. Robar da ta taɓa ɗaukar shamfu mai turare, ko an wanke ta sau uku, za ta ba sabon abin da aka zuba wari. Wanda ya sayi sabulu marar ƙamshi don ihrami ya sayi sabuwar roba tare da shi, kada ya juye a tsohuwa.

Sannan taushin nata takobi ne mai kaifi biyu. A jakar da aka danna cikin ma'ajin saman kujera, wani ya zo ya tura akwatinsa a kai, matsin kaɗai ya isa ya ɗaga murfi. Nemi mai makulli a murfi, ko ka ɗaure shi da salatif.

Roba mai tauri

A gindin yawancin robobi akwai alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Wannan lambar ta fi launi da kyan gani amfani.

Lamba 1 ita ce irin ta gorar ruwan sha, garau kamar gilashi. Ana ganin abin da ke ciki da yawan da ya rage, ba ta da nauyi, ba ta cika riƙe wari ba, kuma tana ɗaukar abu mai ruwa-ruwa kamar ruwan kurkure baki, ruwan goge fuska da man tsabtace hannu. Ba ta son zafi. Ruwan zafi yana lanƙwasa wuyanta, kuma wuyan da ya karkace ba zai sake kama murfi ba, ko da ido bai ga karkatar ba. Da ruwan ɗumi ake wanke ta. Tana da wuyar matsawa, don haka mai kauri yana maƙalewa a ciki.

Lamba 2 ita ce mai duhun fari kamar jarka, lamba 4 kuma 'yar'uwarta mai laushi, irin ta maganin ɗigon ido. Ba su da kyan gani, shi ya sa ake wuce su a shago a ɗauki masu launi. A wurinmu kuwa robar lamba 2 mai murfin murɗawa ita ce jakin tafiya: tana ɗaukar mai, tana ɗaukar sabulu, tana jure faɗuwa, tana ɗan matsuwa, kuma ita ce mafi araha. In mutum zai sayi iri ɗaya tak ya huta, wannan ce. Aibinta ba a ganin ciki sosai, kuma turare mai ƙarfi yana kama jikinta.

Lamba 5 da ita ake yin yawancin murafu da ƙananan kwalaye masu faɗin baki, tana jure zafi da mai. Lamba 6 ita ce abin gudu. Ƙananan kwalayen nan masu sheƙi da ake haɗawa cikin saitin tafiya mai arha, waɗanda ke ƙara kamar gilashi in an ƙwanƙwasa, sau da yawa ita ce. Tana tsagewa da ɗan matsi, man turare kuma yana sa ta yi hazo ta fashe.

Gilashi, da maganar turare

Ga turaren mai, oud, miski, humra da duk abin da aka saya da tsada don ƙamshinsa, gilashi ne kawai amsa. Ba ya shan komai, ba ya ba da wari, ba ya bari barasa ta gudu. Nauyi da fashewa ne matsalarsa, kuma dukansu suna raguwa idan kwalbar ƙarama ce. Kwalaben da masu turare a kasuwar Wuse ta Abuja ko Taminus ta Jos ke aunawa a ciki, mililita 3, 6 da 12, wato rubu'i, rabi da tola guda, sun fi ƙarfin tafiyar wata. Amma ba duka suke ɗaya ba.

Mai ƙwallo a baki, wadda ake mirginawa a fata, tana da daɗin amfani amma ƙwallon ba toshi ba ne. Matsin iska yana tura mai ta gefensa ya taru a cikin murfi. Idan murfin na da tudu a ciki da ke danne ƙwallon, to; idan babu, za a yi asara. Mai sanda a jikin murfi, irin ta gargajiya mai ado, ta fi kowace kyau a kan madubi kuma ta fi kowace zuba a jaka, musamman in murfin turawa kawai ake yi ba murɗawa ba. Wadda muka fi yarda da ita ita ce mai ɗan toshin roba a wuya sannan murfin murɗawa a kai. Rufi biyu ke nan. Mai bututun ɗiga da kan roba mai matsawa kuwa, cire kan ka sa murfi na gaske don tafiya, domin mai yana cin robar kan, iska kuma tana hawo da shi ta bututun.

Turaren feshi na kamfani mai mililita 100 ya halatta, kuma bakinsa a matse yake da ƙarfe tun daga masana'anta, ba ya cika yoyo. Sai dai gilashinsa mai kauri ne, zai cinye kusan rubu'in ledar, ya kuma ci daga kilo 7 ko 8 da yawancin kamfanoni ke ba jakar hannu. Ƙaramar kwalbar feshi mai mililita 5 tana ba da feshi kusan 50. A lissafa: feshi huɗu a rana, kwana goma sha biyu ke nan. Mai mililita 10 ta isa Umara da ziyara har da saura. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ake cikawa ta gindi, a ɗora ta kan bututun babbar kwalba a riƙa dannawa. Tana da sauƙin cikawa amma ƙofar gindin ƙarin hanyar yoyo ce, kuma tana sakewa da tsufa. Akwai wadda ake kwance kanta a zuba da ɗan mazurari ko sirinji. Cikawar na da ɗan wahala, rufin ya fi aminci in akwai zoben roba a wuya.

Humra tana buƙatar kulawa ta daban. Sau da yawa a kwalbar da aka sake amfani da ita take zuwa, ba lamba, ba suna, murfin kuma ba nata ba ne. Mai kauri tana toshe bakin feshi. A juye ta a gilashi mai toshi da murfi, mililita 30 ko 50, a rubuta suna. Babbar kwalbar ta bi kayan awo, wato akwatin da ake aunawa a sa a ƙasan jirgi, a naɗe cikin leda biyu a tsakiyar tufafi.

Abin da ke daskarewa ya narke

Man kaɗanya yana narkewa kusa da zafin jikin mutum. Man kwakwa kuma ƙasa da digiri 24 yake daskarewa. Abin da ka zuba da safe a Jos lokacin hunturu yana dunƙule, kafin motar ta kai Keffi da rana ya zama ruwa. Saboda haka kada a zaɓi mazubi bisa yadda man yake a ɗaki. Kwali mai faɗin baki ake so, don a iya lakato shi in ya daskare, amma mai murfin murɗawa da takardar roba ko fata a cikin murfin, don ya riƙe shi in ya narke. Gwangwanin alminiyum mai murɗawa yana da kyau ga basilin da man leɓe, ba nauyi, ba fashewa. In ya lotsa a baki, ya gama aiki. Wanda murfinsa turawa kawai ake yi, na alewa ne ba na mai ba. Kada kuma a zuba wa alminiyum abu mai tsami, kamar haɗin da aka sa lemon tsami.

Akwai kuma jakar roba shimfiɗaɗɗiya mai ɗan baki da murfi, wadda ke lafewa yayin da abin ciki ke raguwa. Ta fi kowa adana wuri a leda, kuma da yake tana lafewa, iska ba ta samun wurin zama, don haka matsalar dawowa ba ta shafe ta ba. Cika ta sai da sirinji, wanke ta da shanya ta aiki ne, kuma ɗinkin gefenta yana buɗewa bayan 'yan tafiye-tafiye. Ta dace da mai kaya da yawa da leda ɗaya, ba ta dace da mai son abin da zai daɗe ba.

Murfi ya fi jiki

Da za a ce mu duba abu ɗaya kawai a shago, murfi za mu duba. Mai murɗawa zalla, wanda ke da fata ko zoben roba a ciki, shi ne na ɗaya. Ka ƙirga zagayen, wanda ya kama bayan rabin juyi bai kai wanda ke zagaya sau ɗaya da rabi ko biyu ba. Mai ɗagawa shi ne na biyu, in dai yana da ɗan tsinke a ciki da ke shiga ramin ya yi ƙara "ƙas" in an rufe. Wanda ake danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗago, kowane abu a jaka zai iya danna shi. Mai famfo shi ne na ƙarshe: bututunsa yana cikin man tun daga ƙasa, don haka ko kwalbar na tsaye iska za ta iya hawo da shi, kuma kansa dogo ne yana cin wuri. In dole sai shi, a nemi mai kullewa da juyi.

Gwaji kafin tafiya ba ya cin komai. Cika da ruwa zuwa rabi, rufe, goge wajen ya bushe, naɗe da tishu, ka matsa da ƙarfi na daƙiƙa goma, sannan ka kifa ta a faranti ta kwana. Tishu zai faɗi gaskiya. Idan mai za ta ɗauka, yi gwajin da man gyaɗa, domin mai yana bin hanyar da ruwa ba ya bi.

Wajen cikawa, shawarar da ake yawan ji ita ce a bar wuri da yawa don abin ya samu inda zai kumbura. Wannan juyin waina ne, tunda iskar da aka bari ita ce mai kumburar. Roba mai laushi a cika ta kashi uku cikin huɗu ko fiye, a matsa har man ya zo baki, a rufe tana matse. Mai tauri da gilashi a cika su zuwa kafaɗa, a bar kamar faɗin ɗan yatsa saboda zafi, don shi zafi yana ɗan kumbura ruwan kansa. A goge zaren wuya kafin a rufe, mai a kan zare yana sa murfi ya warware. A yanko 'yar ledar naɗe abinci a shimfiɗa a baki sannan a murɗa murfi a kanta. A jera su tsaye a leda, ledar kuma a aljihun sama na jaka inda za a ciro ta a sa a tire ba tare da an zazzage kaya a layi ba. Bayan an sauka, ko a cikin jirgi, a buɗe murfi a hankali, bakin na kallon sama, nesa da farar riga. Ranar dawowa a sake matse iska, wadda ta kusa ƙarewa kuma a bar ta a can.

Nawa ake bukata

Ledar lita 1 ba ta cin kwalba goma masu mililita 100, ko da lissafi ya ce haka. Zagayen kwalba da tsawon murfi suna cin wuri, biyar ko shida ne ke shiga ta rufu. Shi ya sa sayen saitin da duk mililita 100 ne kuskure ne. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15. Wanke gashi sau ɗaya yana cin kamar ƙaramin cokali biyu, mai yawan gashi ya ninka. Wadda ta yi kitso kafin tafiya wataƙila ba za ta taɓa shamfu ba sam. Man wanke fuska mililita 30 ya isa mako biyu. Man goge baki ƙarami na kamfani ya fi juyewa, aswaki kuma ba ya shiga lissafin leda ko kaɗan. Man shafawa ne kaɗai ya cancanci cikakken 100, musamman ga mai zuwa Madina ko Turai lokacin sanyi inda fata ke bushewa kamar a tsakiyar hunturu. Haɗin da ya fi aiki ga yawancin mutane: babba ɗaya, masu 50 ko 60 guda biyu, masu 30 guda biyu ko uku, ƙaramin kwali, da turare. Shamfu da man shafawa na 'yan ƙananan leda da ake sayarwa a kanti su ma hanya ce mai kyau ga tafiyar kwana biyu ko uku, a rufe suke daga kamfani, amma su ma cikin ledar za su shiga.

Sayi mazubin da aka buga girmansa a jiki ko a gindi. Jami'in da ya ga kwalba ba lamba, da ido zai auna, kuma ba lallai ya auna yadda kake so ba. Wasu robobin ana sayar da su da sunan 100 amma suna cin fiye. Masu 89 ko 90 sun fi kwanciyar hankali. Rubuta abin da ke ciki a farin salatif da biro, ka rufe da salatif mai garau, saboda mai yana goge tawadar maka. A filin da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da na kwastan ke aiki, ruwa mai duhu a kwalba marar suna yana jawo tambayoyin da za su iya cinye lokacin shiga jirgi.

Abin da ba a juyewa

Magani ya zauna a kwalbarsa ta asali da takardarsa. Doka ta ba shi rangwame: maganin ruwa da ake bukata a tafiya zai iya wuce mililita 100, a ciro shi daban a nuna, tare da takardar likita. Insulin a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan awo ba, saboda sanyin ƙasan jirgi na iya lalata shi kuma akwati na iya ɓata. Maganin ɗigon ido da ruwan wanke gilashin da ake mannawa a ido ba a juye su ko kaɗan, tsabtarsu a rufin kamfani take. Man kariya daga rana ma ya fi aminci a robarsa. Madara, ruwa da abincin jariri suna da rangwame idan jaririn na tare, gwargwadon tafiyar, kuma za a iya buɗewa a duba.

Gwangwanin feshi na hammata mai 150 ko 200 ba ya wucewa a hannu, a nemi ƙarami ko na dunƙule. Maganin sauro na fesa ɗaki haramun ne a hannu da kayan awo duka. Turaren da aka saya a shagunan cikin fili bayan bincike zai iya fin 100, amma a sa a rufe shi a ledarsu ta musamman da rasit a ciki, kada a buɗe sai an isa, in ba haka ba a wurin sauya jirgi za a karɓe. Zamzam ba ya shiga jakar hannu, kuma hukumomin Saudiyya sun hana cusa shi cikin akwati. Jarkar lita 5 da aka rufe a kwalinta ita ce hanyarsa. Zuma, man ja da man gyaɗa na tsaraba sai kayan awo, bayan an tambayi kamfanin jirgin ko yana karɓa. Man shanu kuwa, ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya ba sa barin a shigo da kayan madara da nama daga Najeriya a kayan matafiyi, kowace irin kwalba aka sa shi.

Gorar ruwan sha da 'yar robar tsarki suna wucewa in babu komai a ciki, kowane girmansu. A zubar da ruwan kafin layi, a buɗe murfin a nuna in an tambaya, a cika bayan an wuce. Mai bututun tsotsa a kiyaye ta a sama, in an ɗaga bakinta ruwan zai yi tsiri ya jiƙa maƙwabci. A fara sassauta babban murfin iska ta fita tukuna.